Ɗakin da Aka Zura wa Waya

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. An yi yayyafi bayan la'asar, ƙasa ta yi laushi, kaji sun fara neman akurki. Hajiya Barakatu tana zaune a bakin murhu tana kaɗa miyar kuka, ba don tana jin yunwa ba, sai don lokacin kaɗa miya ya yi. Haka take yin komai tun rasuwar babban ɗanta. Idan lokacin abu ya yi ta tashi ta yi shi, idan ya wuce ta koma ta zauna.

Gidan yana cikin tsohon garin Daura, can bayan Kusugu, inda lungu yake matsewa har mai babur sai ya sauke ƙafa. Maigidan, Alhaji Kabo, falken shanu ne, rabin shekararsa a hanyar kudu take ƙarewa, a lokacin ma yana can. 'Ya'ya biyu suka rage a gabanta. Akwai Musaddiq, wanda ya mai da shagon ƙofar gida wurin aikin kwamfuta, ana buga takardu ana wanke hotuna. Akwai kuma auta, Rauda, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, yarinyar da bakinta ba ya hutawa sai in barci ya ɗauke ta. Na farinsu shi ne Mahdi, mai ɗaukar bidiyon biki. Yana dawowa daga wani ɗaurin aure a Baure mota ta kwashe shi a kan babur. Rauda tana firamare a lokacin.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Barakatu ta wuce ta kowa. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Yayanku" take cewa, ko kuma "wancan". Idan ya shigo da tsaraba sai ta kau da kai ta ce a ajiye. Ranar da aka kawo gawarsa mata suka cika gidan da kuka, ita kuwa tana zagayawa tana ba baƙi ruwa. Aka yi ta yabonta, ana cewa kai, Barakatu akwai kara, akwai tawakkali. Ba wanda ya san kukan ne ya ƙi zuwa. Ta jira shi ranar, ta jira shi bayan an watse, ta jira shi har ta daina jira. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta ɗana wa ɗakinsa kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zanenta, ta ce kada a ɗaga ko tsinke daga inda ya bar shi.

Ɗakin ginin ƙasa ne, shi kaɗai ya rage ba a sa wa kwano ba. Daminar bana ta ci shi. Musaddiq ya leƙa ta tagar baya ya ga azara ta lanƙwasa, ruwa yana bin bango, sai ya zo ya durƙusa gaban uwarsa.

"Umma, ɗakin nan zai zauna kafin kaka. Duk aikin Yaya yana cikin kwamfutar can. Hotunansa, har da muryarsa."

Maburgin ya tsaya a hannunta. Ba ta taɓa tunanin murya tana zama a cikin ƙarfe ta jira mutum ba.

"Ba za a fitar da ita ba," in ji ta.

"To ba sai an fitar ba. Waya zan ja."

Ya yi mata bayani yadda za ta gane. A shagonsa akwai wani baƙin akwati mai 'yan fitilu suna ƙyaftawa, saba suke ce masa, shi ne rumbun da duk kwamfutocin shagon suke zuba aikinsu. Ita kuwa ta Mahdi ta tsufa ainun, duk kafofin da ake soka mata abin kwasar kaya sun daɗe da lalacewa tun yana raye, saura guda ɗaya, ta waya. Idan aka ja waya daga ɗakin zuwa shago, komai zai bi ta ya shige rumbu, ba tare da an ɗaga ko tsinken ba. Barakatu ta kwance makullin daga bakin zane ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

To, duk wanda ya tashi a gaban manya ya san ba a faɗa wa ɗakin da ya daɗe a rufe haka kawai. Sai a yi sallama, a yi bisimilla, a bar ƙofa a buɗe yini guda, a sa turare, a ba masu wurin lokaci su tattara nasu su yi gaba. Kuma ko kusa ba da almuru ba. Barakatu ta san wannan sarai, ita ma ta sha gaya wa wasu. Amma gab da magariba aka kawo wuta, wutar kuwa ba ta jiran kowa, Musaddiq ya zabura da kayan aikinsa. Tana gani ya buɗe kwaɗon ya kutsa kai bakinsa a rufe. Maganar ta zo mata har maƙogwaro, sai ta ji ba ta da ƙarfin damuwa, ta ci gaba da kaɗa miyarta.

Ya kwance murfin akwatin kwamfutar, ya kunna abin busa ƙura ya sa a ciki. Ƙura ta turnuƙe ta fito ta ƙofa, da wani wari irin na tsohuwar rijiya. Daga nan ya sa na'ura ya huda bango ta gefen zaure. Rauda ce ta tsaya a waje don ta kamo wayar, wata doguwa shuɗiya, ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba, tana ta tsiya.

"Yaya Musaddiq, ka turo mana! Ko sai na shigo na koya maka aikin?"

Wayar ta maƙale a tsakiyar bango. Rauda ta zura hannu cikin ramin har wuyan hannu tana lalube. Sai ta fizge shi da sauri.

"Wash! Wani abu mai sanyi ya kama ni."

"Tsaka ce. Ja kawai."

Ta ja, wayar ta fito. Daidai nan ladan ya ɗaga murya.

Kwamfutar ta tashi, abin mamaki. Ta yi gurnani, fankarta ta yi kuka, gilashin ya kawo haske mai ruwan toka. Amma da Musaddiq ya neme ta da ta gaisa da sabar, sai suka ƙi ganin juna. Ya yi ta kai da kawowa tsakanin shago da ɗaki yana tsaki.

"Ba sa jin yaren juna, Umma," ya ce da ya zo wucewa. "Wannan tsohon yare take yi. Sabar kuwa an hana ta amsa shi, don ɓarayi sun san hanyar. Sai na buɗe mata tsohuwar ƙofar da aka toshe."

"Ka buɗe," in ji Barakatu.

Ya buɗe. Nan take rumbun ya bayyana a gilashin tsohuwar, ya danna, kaya suka fara tafiya. Wani ɗan layi kore ya fito yana rarrafe a hankali, wai sai ya cika daga wannan gefe zuwa wancan sannan an gama.

Suna cin tuwo dutse na farko ya faɗo a kwanon ɗakin Barakatu. Ƙwal! Suka ɗauka yaran unguwa ne. Na biyu a tsakar gida ya sauka, kusa da randa. Na uku a cikin kwanon miya. Musaddiq ya fita da fitila ya zagaya lungun, bai ga ko kyanwa ba. Da ya dawo ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, sai ya yar da sauri, don da ɗumi yake kamar an ciro shi daga toka. Aka ɗauke wuta, gidan ya yi tsit. A cikin shirun nan suka ji fankar kwamfutar tana ta juyawa a ɗakin Mahdi.

Sai a lokacin Barakatu ta lura Rauda ba ta ce uffan ba tun da aka zuba tuwo. Tana zaune ta miƙe ƙafafu, kanta a sunkuye, hannun da ta zura a ramin yana kan cinyarta a buɗe.

"Ke, ci mana."

Yarinyar ta ɗago. Ta yi gyaran murya irin na maza, ta ɗan buga ƙirji da yatsa kamar mai gwada makirfo.

"Gwaji, gwaji. Ana ji na?"

Muryar Mahdi ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, har da ɗan shaƙewar hancin nan nasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Musaddiq, ya ja da baya har ya ture buta.

Barakatu ba ta motsa ba. Wani abu ya ɗan yi motsi a ƙirjinta, can ƙasa, inda ta ɗauka komai ya daɗe da mutuwa. Ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Ta zauna tana sauraro.

Haka gidan ya koma. Da safe Rauda tana kwance kamar wanki, ba ci ba magana, ido a buɗe. An kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce ba a ga komai ba sai rashin ƙarfi, aka ba ta ruwa leda guda aka sallamo su. Da rana ta yi ja sai duwatsu su fara, sannan muryar ta zo. Takan faɗi abin da mai ɗaukar biki yake faɗi: a matso, a ba amarya hanya, Hajiya a ɗan yi murmushi. Wani lokaci ta yi dariyarsa. Shi kuwa layin kore, duk yadda Musaddiq ya lallaɓa shi, da almuru ta yi sai ya tsinke, washegari a sake daga wani wuri.

Alhaji Kabo ya bugo daga kudu ya ce maza a nemo malami. Barakatu ta ce to. Ba ta aika ba. Musaddiq ya yi magana, ta ce zazzaɓi ne ya hau wa yarinyar kai, a bari a gani. Maƙwabciya ta shigo da tazargade, ta karɓa ta gode ta tura ƙarƙashin gado.

Gaskiyar ba daɗin faɗi, amma sai an faɗe ta. Barakatu jiran magariba take yi. Tun la'asar take share ƙofar ɗakin Rauda, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna da carbi a hannu ba ta ja. Abin da ba ta yi wa ɗanta ba yana raye, wato ta zauna kusa da shi ta ji hirarsa, shi take yi yanzu. Wata rana har dambun zogale ta yi, abincin da yake so, ta tura kwanon gaban yarinyar bayan muryar ta zo. Aka cinye shi tas, da hannun hagu, loma manya-manya, ba bisimilla. Ta ga hannun, ta san ɗanta bai taɓa ci da hagu ba, ta kau da kai kamar yadda ta saba. Da asuba Rauda ta amayar da shi duka.

Daga ranar muryar ta fara faɗin abin da ba na biki ba.

"Umma," ta ce, a hankali. "Kin san ba ki taɓa kirana ba?"

Barakatu ta dafe ƙasa da hannu biyu.

"Kira ni mana. Sau ɗaya."

Ta buɗe baki, ta rufe. Kunyar shekaru ta riƙe mata harshe, ba imani ba, wannan ma sai an faɗa. Ta tashi ta shige ɗakinta ta kwanta da idonta a bushe.

Musaddiq ne ya gaji. Ya zo ɗaga ƙanwarsa don a canja mata shimfiɗa, ya ji ta a hannunsa ba nauyi, awarwaron da yake matse mata wuyan hannu ya zame har gwiwar hannu. Ya ajiye ta, ya zo ya tsaya a kan uwarsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Umma, ki gafarce ni. Yaya ya tafi. Wannan ce za ta tafi yanzu, muna kallo."

Bai jira amsarta ba. Ya tashi babur ya nufi garin Dutsi neman malami.

Bayan la'asar ya dawo da Malam Abdulbaƙi a bayansa. Wanda bai san shi ba zai raina shi. Ɗan ƙaramin tsoho ne mai farin gemu jefi-jefi, ga mura tana damunsa, kowane lokaci yana share hanci da gefen rawani. Bai zo da jaka ba, bai zo da bulala ba. Ya yi sallama a zaure, ya sake yi a tsakar gida, da ya iso ƙofar ɗakin Mahdi ya tsaya ya yi ta uku, ya ɗan jira kamar mai sauraron amsa. Ya dubi shuɗiyar wayar da ta fito ta ramin bango ta bi gefen zaure.

"Wa ya buɗe ɗakin nan?"

"Ni ne, Malam."

"Da wane lokaci?"

Musaddiq ya sunkuyar da kai. Malam bai ƙara ba, ya ce a ba shi ruwa ya yi alwala, a fito da yarinyar tsakar gida a lulluɓe ta, uwarta ta riƙe mata kafaɗa.

Rana tana faɗuwa ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Ya yi Fatiha, ya shiga Ayatul Kursiyyu, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Duwatsu suka fara sauka a kwano, yau kam kamar ƙanƙara, amma ko ɗaya bai faɗo inda suke ba. Jikin Rauda ya sandare a hannun Barakatu. Yatsun ƙafarta suka lanƙwashe.

"Gwaji, gwaji..."

"Ajiye wannan," in ji Malam. "Ba taka ba ce. Yi magana da taka."

Sannan wata murya ta fito, busasshiya, ba ta mace ba ba ta namiji ba, tana fita da ƙyar.

"Ka daina. Kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ɗaki aka bar mana. Shekara da shekaru, ba shara, ba sallama, ba mai shiga. Muka zauna. A cikin akwatin nan matata ta haihu. Rana ɗaya aka zo da iska mai ƙara aka watsa mana 'ya'ya, har yau akwai wanda ban gani ba. Aka huda mana bango. Wannan ta zuro hannu ta dafa fuskata."

"Ba ta sani ba. Wanda ya yi ma bai sani ba, kuskure ne, ga shi nan yana ba ka haƙuri."

"Ka yi haƙuri," in ji Musaddiq. "Wallahi ban sani ba."

"Na huce tun tuni," in ji muryar. "Da na tafi."

"Me ya hana ka?"

Kan Rauda ya juya a hankali har idanunta suka sauka a kan uwarta. Idanun nata ne, amma ba ita ce a ciki ba.

"Ita. Muryar nan a akwati muka same ta, a rufe, ba mai nema. Na ɗauka don in tsorata su. Sai na ga an shimfiɗa mani tabarma. Har dambu aka yi mani. Wa yake barin gidan da ake jiransa?"

Malam bai dubi Barakatu ba, ya share hancinsa kawai. Ita kuwa ta ji maganar ta shige ta kamar ruwan sanyi.

"To yau za ka tafi," in ji Malam.

"Zan tafi. Abu ɗaya nake so." Muryar ta narke, ta koma ta Mahdi, mai taushi, irin ta wanda ya dawo daga tafiya a gajiye. "Umma, ki kira sunana. Sau ɗaya kawai, in ji, in tafi."

Malam ya dakata da karatu. Ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Hajiya, bakinki ne, ban isa in rufe shi ba. Amma ki sani, in kika kira shi da sunan ya amsa, kin raɗa masa ke nan, ya zama ɗan gida. Daga nan ba ni da abin yi. Jikin nan kuwa ba zai ɗauki mutum biyu ba."

Duwatsun suka tsaya. Ko kaza ba ta motsa ba. Barakatu ta ji sunan ya taso mata tun daga ciki, sunan da ta riƙe tun ranar da aka raɗa shi, ya zo ya zauna a kan harshenta da nauyinsa. Yau kunya ba ta tare shi ba. Tana so, Allah ya sani tana so. Ta sunkuya don ta faɗa kusa da kunne, yadda ba wanda zai ji.

Da ta sunkuya sai ta ga leɓen. Ya bushe ya tsage, jini ya daskare a gefe. Ta ga ƙashin wuya ya fito, ta ga kitson da ita da kanta ta yi wa yarinyar kafin abin nan ya tsufa ya cukurkuɗe, ba wanda ya tuna ya tsefe. Ta nemi ranar ƙarshe da ta ji surutun 'yarta ta saurara da gaske, ta rasa. Tun yarinyar tana firamare take magana a gidan nan, uwarta tana kallon ƙofar da aka sa wa kwaɗo.

"Rauda," in ji Barakatu.

Jikin ya yi wata irin girgiza.

"Ba shi ba!" in ji busasshiyar muryar. "Ba wannan ba!"

"Rauda!" Ta ɗaga murya yadda ba ta ɗaga ba cikin shekaru, har maƙwabta suka ji. "Rauda, ke nake kira! Ki amsa mani!"

Malam ya koma karatu da ƙarfi, yana tofawa a ruwa yana yayyafawa. Abin ya yi kururuwa, ya yi magiya, ya yi zagi. Can ya lafa yana haki.

"Zan fita. Amma ina za mu? Ku bar mana akwatin. 'Ya'yana sun san shi, wanda ya ɓace zai neme mu a ciki."

"Ba ni nake da shi ba," in ji Malam. "Kuma ba ma sayen lafiya a wurinka. In mai shi ta yar, ka tsinta a daji, wannan ruwanka."

Barakatu ta kwantar da kan yarinyar a hankali, ta miƙe. Ta nufi ɗakin da ba ta taka ba tun ranar da ta rufe shi. A bakin ƙofa ta yi sallama, ta yi bisimilla, ta shiga. Ga takalmansa, ga hularsa a kan ƙusa, ga layin kore a gilashi ko rabi bai kai ba.

"Umma," in ji Musaddiq daga bayanta, "ba a gama ba. In kika cire yanzu, sauran ya tafi ke nan."

"Na sani."

Ta kama shuɗiyar wayar ta fizge. Fankar ta yi wani dogon numfashi ta tsaya. Matar da ta ce kada a ɗaga ko tsinke, ita ta rungumo akwatin da ƙurarsa da komai, ta fito da shi ta dire a gaban Malam.

"Na yar," ta ce.

Malam ya sa abin ya yi alkawari da girman wanda ya halicce shi ba zai dawo ba, shi da zuriyarsa. Ya yi. Aka tambaye shi ta ina zai fita, ya ce ta inda ya shiga. Hannun daman Rauda ya ɗaga sama da kansa, yatsun suka buɗe, suka karkaɗa, hannun ya faɗi. Ta yi atishawa mai ƙarfi. Sannan ta buɗe ido tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Umma," ta ce, da 'yar muryarta ta ainihi, a dushe. "Ƙishirwa."

A daren Musaddiq ya ɗaure akwatin a bayan babur, Malam ya riƙe shi, suka ajiye shi a wani fako a hanyar Dutsi, nesa da gonakin mutane, ba su waiwaya ba. Da ya dawo ya toshe tsohuwar ƙofar da ya buɗe wa sabar, ya cika ramin bango da laka. Ba a sake jin dutse ba. Ɗakin kuma bai kai kaka ba, wani ruwan safe ya zaunar da shi, bayan Barakatu ta rabar da kayan ciki sadaka.

Sai da Rauda ta fara cin abinci da kanta, har ta soma tsokanar yayanta, sannan Musaddiq ya duba abin da ya samu tsallakawa. Bukukuwan mutane ne birjik, amare da angwaye waɗanda ba su san su ba, shi mai ɗaukar yana bayan na'ura ba a ganinsa. Muryarsa kuwa, guntu ɗaya tak ya tsira, bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Ya sa shi a wayar hannunsa ya shigo da shi da hantsi, rana ta cika tsakar gida, Barakatu tana tsefe wa Rauda kai.

"Umma, in kunna? In ba kya so a bari."

Ta gyaɗa kai. "Kunna."

Aka ji shuu, aka ji an buga makirfo da yatsa.

"Gwaji, gwaji. Ana ji na?"

Rauda ta ƙanƙame gwiwar uwarta. Sai ga ƙarar ƙofa a cikin wayar, da wata 'yar siririyar murya ta yarinya ƙarama, tana haki don gudu.

"Yaya, Umma ta ce wai a ce wa wancan tuwo zai huce."

Ya yi dariya. "Ki ce mata wancan yana zuwa."

Shi ke nan, ya ƙare. Musaddiq ya tsaya da wayar a hannu bai san inda zai sa idonsa ba. Barakatu tana riƙe da mataji, ta dubi wurin da ɗakin yake a da, inda yanzu sai tarin ƙasa da kaji suke tona.

"Ana jin ka, Mahdi," ta ce.

'Ya'yan ba su taɓa jin sunan a bakinta ba, duk suka sunkuyar da kai. Ɗigo na farko a kan gashin Rauda ya sauka. Yarinyar ta ɗago za ta yi magana, uwar ta mai da kanta kan cinya da tafin hannu, ta ce ta zauna tukuna ba a gama ba. Ta ci gaba da tsifar, tana kuka da sauti kamar yau aka kawo shi.